CIWON DAMUWA DA MAGANINSA TA HANYAR TATTAUNAWA

1.0 Gabatarwa

Wannan babi ya yi bayani ne a kan ciwon damuwa, wato ciwon nan da ke danne zuciyar mutum ya raba shi da walwala da kuzari na tsawon makonni ko watanni, da kuma yadda ake maganinsa ta hanyar tattaunawa. Ana iya tambaya, me ya kawo batun asibiti cikin littafin nazarin Hausa? Amsar ita ce, wannan ciwo ba a gano shi da awon jini ko hoton ƙirji. Da magana majinyaci ke bayyana shi, da magana likita ke tantance shi, sannan magana tana cikin manyan magungunansa. Saboda haka duk wanda harshe ya zama sana'arsa yana da ruwa da tsaki a cikin al'amarin. Bugu da ƙari, malamin makaranta yakan shafe sa'o'i biyar ko shida a kowace rana tare da yara da matasa, kuma sau da yawa a shekarun samartaka ne ciwon ke fara kunno kai. Sunan da malami ya zaɓa ya kira ɗalibin da ya shiga wannan hali, "malalaci" ko "marar lafiya", yana iya zama sanadin kai shi asibiti ko kuma sanadin barinsa makaranta.

1.1 Manufar Babi

Ana sa ran bayan nazarin wannan babi ɗalibi zai iya:

(a) bambance ciwon damuwa da baƙin ciki na yau da kullum;
(b) kawo alamomin ciwon da abubuwan da ke haddasa shi;
(c) bayyana ma'anar magani ta hanyar tattaunawa da manyan hanyoyinsa;
(d) fayyace abin da ya rataya a wuyan malami da kuma inda aikinsa ya tsaya.

2.0 Kalmomin Hausa Masu Nuna Halin Zuciya

Bahaushe yakan danganta abin da yake ji da wurare uku, wato ciki da zuciya da rai. Daga nan aka sami harɗaɗɗun kalmomi irin su farin ciki da baƙin ciki da ɓacin rai da ƙuncin rai da karayar zuciya. Akwai kuma takaici da zullumi da fargaba da mutuwar jiki. Kowace daga cikinsu tana da iyakar ma'anarta. Ɓacin rai yakan biyo bayan wani laifi da aka yi wa mutum, kuma yakan gushe da lallashi. Zullumi da fargaba sun shafi abin da bai riga ya auku ba. Ita kuwa kalmar baƙin ciki tana da fuska biyu: tana nufin ƙuncin zuciya, tana kuma nufin hassada, kamar a ce "wane ɗan baƙin ciki ne". Wannan harshen damo ya rage mata dacewa da zama sunan cuta.

Kalmar da ma'aikatan lafiya da kafafen watsa labarai suka fi amfani da ita ita ce ciwon damuwa. Damuwa sunan aikatau ne daga "damu", aikatau na aji bakwai, kuma saiwarsa ɗaya ce da ta "dama", kamar a damun fura ko kunu. Wato hoton da ke cikin kalmar shi ne na abin da aka gauraya har ya kasa kwantawa. Sai dai kalmar damuwa ita kaɗai ta yi faɗi, domin wanda kuɗin motarsa ya faɗi ma yana cikin damuwa. Kalmar ciwo da aka jingina mata ita ce ta raba gardama, domin ta nuna cewa ana magana ne a kan rashin lafiya mai alamomi da wa'adi da magani.

Wajibi ne kuma a raba wannan ciwo da abin da jama'a ke kira hauka. Mafi yawan masu ciwon damuwa suna cikin hayyacinsu, sun san inda suke, suna gaisawa da mutane, wasu ma suna zuwa aiki ko makaranta. Tsoron kada a kira mutum "taɓaɓɓe" yana cikin manyan dalilan da ke sa iyali su ɓoye marar lafiya, musamman idan budurwa ce da ake tunanin aurenta.

2.1 Alamomin Ciwon Damuwa

Kundin tantance cututtukan ƙwaƙwalwa na Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka, bugu na biyar wanda ya fito a shekarar 2013, ya jera alamomi tara kamar haka:

1. Ƙuncin zuciya a mafi yawan yini, kusan kowace rana. A wajen yara da matasa yakan bayyana a matsayin saurin fushi.
2. Gushewar sha'awa da jin daɗin abubuwan da a da mutum ke so.
3. Raguwa ko ƙaruwar cin abinci, tare da rama ko ƙiba.
4. Rashin barci ko yawan barci.
5. Sanyin motsi da magana, ko kasa zama wuri guda, har na kusa su lura.
6. Gajiya da rashin kuzari.
7. Ganin kai ba a bakin komai ba, ko ɗora wa kai laifin da ya wuce kima.
8. Kasa tattara hankali ko yanke shawara.
9. Yawan tunanin mutuwa ko na halaka kai.

Ana cewa mutum yana da ciwon ne idan aƙalla biyar daga cikin waɗannan sun haɗu a kansa na tsawon mako biyu ko fiye, kuma lallai ta ɗaya ko ta biyu ta kasance a ciki, sannan halin ya taɓa aikinsa ko karatunsa ko zamansa da jama'a. Da wannan ma'auni ake bambance shi da baƙin cikin da kowane ɗan Adam ke shiga. Wanda aka yi wa rasuwa yakan yi kuka, amma baƙin cikinsa yana zuwa yana lafawa, yana samun sauƙi da masu ta'aziyya, kuma ba ya ganin kansa a matsayin marar amfani. Mai ciwon damuwa kuwa, ko albishir aka yi masa ba ya ratsa shi.

Wani abin lura shi ne, a Nijeriya da sauran ƙasashe da dama majinyata sukan fara kokawa ne da jiki: ciwon kai, zafi a ka ko a jiki, bugun zuciya, ko jin kamar wani abu yana yawo a ƙarƙashin fata. Sau da yawa akan yi ta shan maganin zazzaɓin cizon sauro ko na taifot ba tare da an dace ba. Ta ɗaya ɓangaren kuma, ƙarancin jini da matsalar halittar nan ta maƙogwaro mai sarrafa kuzarin jiki suna iya kawo alamomi masu kama da na ciwon damuwa. Wannan ya sa tantancewa ta zama aikin ma'aikacin lafiya.

3.0 Yaɗuwar Ciwon da Musabbabansa

A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2023, kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da ciwon damuwa a duniya, wato kusan kashi 5 cikin 100 na manya. Ya fi yawa a tsakanin mata, kuma fiye da kashi 10 cikin 100 na masu juna biyu da masu jego sukan gamu da shi. Hukumar ta kuma nuna cewa a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki, fiye da kashi 75 cikin 100 na masu irin wannan larura ba sa samun magani ko kaɗan.

Ciwon ba shi da sanadi guda. Masana sun kasa musabbabansa gida uku:

(a) Na halitta. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna gado yana da hannu da kimanin kashi 30 zuwa 40 cikin 100. Cututtuka masu daɗewa kamar ciwon suga da tarin fuka da sikila, da sauye-sauyen jiki bayan haihuwa, da shaye-shaye, duk suna ƙara haɗarin.

(b) Na tunani. Wannan ya haɗa da ɗabi'ar yawan zargin kai, da saƙe-saƙen zuci marasa ƙarewa, da tabon cin zarafi ko wulaƙanci da aka fuskanta a yarinta.

(c) Na zamantakewa. Rasuwa, mutuwar aure, rasa sana'a, talauci, kaɗaici da gudun hijira suna cikin wannan rukuni. Wani ƙiyasi na Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2019 ya nuna cewa a yankunan da ke fama da rikici, kusan mutum ɗaya cikin biyar yana da wata larurar ƙwaƙwalwa. Malamin da aka tura aiki Arewa maso Gabas, inda rikicin da ya ɓarke tun 2009 ya raba fiye da mutum miliyan biyu da gidajensu, ko ƙauyukan Arewa maso Yamma da ke fama da 'yan bindiga, zai tarar da yara masu ɗauke da irin wannan nauyi a ajinsa.

A al'adance akan danganta irin wannan hali da sammu ko iskoki, wasu kuma su kira shi raunin imani. Wannan fassara ta ƙarshe tana da illa ta musamman, domin ɗora wa kai laifi yana cikin alamomin ciwon, sai ga shi an ƙara wa majinyaci wani laifin. Ciwon yana kama mai yawan ibada kamar yadda hawan jini ke kama shi, kuma addu'a ba ta hana zuwa asibiti.

4.0 Ma'anar Magani ta Hanyar Tattaunawa

Magani ta hanyar tattaunawa shi ne tsararriyar ganawa tsakanin majinyaci da wanda aka horar, bisa wata manufa da aka amince da ita, domin sauya tunani da ɗabi'a da hulɗar da ke raya ciwon. Ya bambanta da hira da kuma nasiha ta fuskoki huɗu. Na farko, yana da lokaci: yawanci zama guda a mako, na minti 45 zuwa sa'a ɗaya, tsakanin zama 8 zuwa 20. Na biyu, yana da manufa da ake auna ci gabanta. Na uku, yana da sirri. Na huɗu, majinyaci ne ke yin mafi yawan aikin. A wajen nasiha babba ne ke magana ƙarami yana sauraro. A nan kuwa masani yana tambaya ne, majinyaci yana binciken tunaninsa da kansa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

4.1 Taƙaitaccen Tarihi

Tunanin warkar da zuciya da magana ya daɗe. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafin Masalihul Abdan wal Anfus, inda ya bambance baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke faɗo wa mutum ba tare da wani dalili bayyananne ba. Ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana lafiya, kamar yadda ake ajiye magani a gida saboda ɓacin rana.

A Turai, littafin da Josef Breuer da Sigmund Freud suka fitar a shekarar 1895 shi ya buɗe fagen hanyar da ta mai da hankali ga abubuwan da suka faru a yarinta da waɗanda zuciya ta binne. A shekarar 1957 Carl Rogers na Amurka ya bayyana cewa samun sauƙin majinyaci ya dogara ƙwarai a kan halayen mai sauraronsa: ya ji abin da majinyaci ke ji, ya karɓe shi ba tare da yanke masa hukunci ba, ya kuma kasance mai gaskiya. Daga nan sai Aaron Beck, wanda a shekarun 1960 a Jami'ar Fensilbeniya ya ƙirƙiro hanyar gyaran tunani, ya kuma fitar da cikakken jagoranta tare da abokan aikinsa a 1979. A Nijeriya kuwa, Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abekuta a shekarar 1954, inda majinyata ke zama a cikin ƙauye tare da wani ɗan uwansu suna karɓar magani. Wannan tsari ya nuna muhimmancin iyali da jama'a a wajen jinya.

4.2 Manyan Hanyoyi

(a) Hanyar gyaran tunani da ɗabi'a. Beck ya lura cewa mai ciwon damuwa yana kallon abubuwa uku da baƙin tabarau: kansa, duniyar da ke kewaye da shi, da kuma gobensa. Wannan kallo yana fitowa a cikin jimlolin da yake faɗa wa kansa. Akwai yi wa al'amura kuɗin goro, kamar "kullum ni ce mai kuskure". Akwai hukuncin ko duka ko babu, kamar "idan ban zo na ɗaya ba, karatun bai yi amfani ba". Akwai karanta zuciyar mutane, kamar "na san dariya suke yi mini". Wani bincike da aka yi a Jami'ar Reading ta Ingila a shekarar 2018 a kan rubuce-rubucen mutane fiye da 6,000 ya gano cewa masu fama da damuwa sun fi sauran jama'a amfani da kalmomin yanke hukunci baki ɗaya. Takwarorin irin waɗannan kalmomi a Hausa su ne kullum, kowa, babu wanda, ko kaɗan, sam, har abada. Aikin masani shi ne ya taimaki majinyaci ya kama irin wannan jimla, ya rubuta ta, ya jera hujjojin da ke goyon bayanta da waɗanda ke karya ta, sannan ya gina wata jimlar da ta fi kusa da gaskiya.

(b) Hanyar farfaɗo da ayyuka. Ciwon yana sa mutum ya janye daga abin da ke faranta masa rai, janyewar kuma ta ƙara masa ƙunci, ƙuncin ya ƙara janyewa. Ana karya wannan zagaye ne ta tsara ƙananan ayyuka a jadawali, kamar fita ƙofar gida da hantsi, ko ziyarar maƙwabci na minti goma, ko komawa ɗinki ko ƙwallo. Ƙa'idar ita ce ba a jiran sha'awa ta dawo kafin a yi aikin. Aikin ne ke janyo sha'awar.

(c) Hanyar gyaran hulɗa da jama'a. Gerald Klerman da Myrna Weissman ne suka tsara ta a shekarun 1970. Tana duba fannoni huɗu: rashin da aka yi, saɓani da na kusa, sauyin matsayi kamar aure ko saki ko ritaya, da kuma kaɗaici. Takan ɗauki mako 12 zuwa 16.

(d) Hanyar warware matsala. Majinyaci zai jera matsalolinsa, ya zaɓi guda wadda za ta iya warwaruwa, ya kawo hanyoyi da dama, ya ɗauki ɗaya ya gwada, a zama na gaba a duba sakamako.

4.3 Misalin Tattaunawa

Ga misali da aka tsara domin nuna yadda hanya ta farko ke gudana tsakanin wata masaniyar halayyar ɗan Adam da wata ɗalibar kwaleji:

Masaniya: Ƙanwata, kin ce ranar da sakamako ya fito kin kasa cin abinci. Me zuciyarki ta faɗa miki a lokacin?
Ɗaliba: Malama, cewa ta yi ni ba ni da amfani, ban taɓa yin abin kirki ba.
Masaniya: Kwas nawa kika ɗauka a wannan zango?
Ɗaliba: Tara.
Masaniya: Nawa kika faɗi?
Ɗaliba: Ɗaya.
Masaniya: Sauran takwas ɗin fa, wa ya rubuta miki su?
Ɗaliba: Ni ce, amma ai sa'a ce kawai.
Masaniya: Da a ce ƙawarki ce ta ci takwas ta faɗi ɗaya, ta zo miki tana kuka, me za ki ce mata?
Ɗaliba: Zan ce mata ta yi ƙoƙari, ta sake ɗaukar wanda ta faɗi.
Masaniya: To, wace jimla za ki rubuta wa kanki wadda ta ƙunshi takwas ɗin da kuma ɗayan?

A lura cewa masaniyar ba ta ce "ki daina wannan tunani" ba, ba ta kuma yi gardama da ɗalibar ba. Ta kama kalmar "ban taɓa" ne, ta auna ta da ƙididdiga, ta bar ɗalibar ta ga giɓin da kanta. Zama guda ba ya warkarwa. Ana maimaita irin wannan atisaye ne mako bayan mako, tare da aikin gida, har majinyaci ya iya yi wa kansa.

4.4 Gwaji a Ƙasashe Masu Ƙarancin Likitoci

Ana iya zaton wannan magani sai ƙasashe masu arziki. Gwaje-gwaje sun nuna akasin haka. A Yuganda, binciken da aka buga a 2003 ya nuna cewa mutanen ƙauye da aka horar sun jagoranci tattaunawar rukuni ta mako 16 bisa hanyar gyaran hulɗa, kuma ciwon ya ragu ƙwarai a tsakanin mahalarta. A Pakistan, binciken 2008 ya nuna ma'aikatan lafiya mata masu bi gida-gida sun rage ciwon a tsakanin masu juna biyu da masu jego ta hanyar gyaran tunani. A Zimbabuwe, Dokta Dixon Chibanda ya kafa shirin Bencin Abota a birnin Harare, inda dattawan mata da aka horar ke zama da majinyata a kan benci a harabar asibiti har zama shida, bisa hanyar warware matsala. Sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna cewa bayan wata shida, kimanin kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka bi shirin ne suka rage da alamomin ciwon, alhali a ɗaya rukunin kusan rabi ne. Wani sirrin nasarar shirin shi ne amfani da harshen Shona: an kira ciwon da kalmar da mutane suka saba da ita, mai ma'anar yawan tunani. Darasin da ke nan shi ne, maganin yana aiki sosai idan an yi shi da harshen majinyaci, kuma masu yin sa sun sami horo da kulawar ƙwararru.

4.5 Dangantakarsa da Ƙwayoyin Magani

Idan ciwon mai sauƙi ne, tattaunawa ce ake fara gabatarwa. Idan matsakaici ne ko mai tsanani, haɗa tattaunawa da ƙwayoyin magani ya fi kowane ɗayansu shi kaɗai amfani. Ƙwayoyin sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu, kuma ana ci gaba da sha na watanni bayan samun sauƙi, ba a kuma daina su kwatsam sai da shawarar likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a ba yara ƙanana su ba, kuma a wajen matasa ba da su ake farawa ba. Wani fifikon tattaunawa shi ne, dabarun da majinyaci ya koya suna zama tare da shi, suna rage yiwuwar dawowar ciwon.

5.0 Matsayin Malami

Malami ba likita ba ne, kuma wannan babi bai ba shi izinin tantance cuta ko yin magani ba. Aikinsa ya ƙunshi abubuwa biyar.

Na farko, lura. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Ɗalibi mai ƙwazo da makinsa ya zube, ko mai fara'a da ya koma zaman kaɗaici, ko wanda rubutun insha'insa ya cika da zancen mutuwa da rashin amfani, ya cancanci a kula da shi. Malamin Hausa yana da dama ta musamman a nan, domin shi ke karanta abin da yara ke rubutawa da harshen da suke tunani da shi.

Na biyu, tambaya. Gaisuwar Hausa tana da amsa tsayayya: "Ina gajiya?" "Ba gajiya." "Yaya gida?" "Lafiya lau." Don haka gaisuwa ba ta isa ta bayyana halin da yaro ke ciki ba. Haka kuma kunya da kawaici da zurfin ciki, waɗanda kyawawan halaye ne a wurinsu, suna hana ƙarami kai kuka ga babba. Sai malami ya keɓe lokaci a wurin da ya dace, ya fara da abin da ya gani, kamar "Na lura kwana biyu ba ka fita wasa". Tambayoyi masu farawa da "me" da "yaya" da "tun yaushe" suna buɗe zance, amma "don me" takan yi kama da tuhuma.

Na uku, sauraro. Kalamai irin su "ka cika ragwanci" ko "kai namiji ne, daure" ko "wasu sun fi ka shiga wahala" suna rufe bakin yaro. Ita kanta kalmar "yi haƙuri", duk da darajarta, idan aka yi saurin faɗinta takan zama alamar an gama sauraro.

Na huɗu, riƙe sirri da sanin iyakarsa. Ba a kai labarin ɗalibi ɗakin malamai. Amma idan akwai alamar yana tunanin halaka kansa, sirri ya ƙare. Bincike ya tabbatar da cewa tambayar mutum kai tsaye, cikin natsuwa, ko yana irin wannan tunani ba ta cusa masa shi. Sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Idan ya amsa da i, kada a bar shi shi kaɗai, a sanar da iyayensa da shugaban makaranta, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi asibiti a ranar.

Na biyar, miƙawa. Matakin farko shi ne malamin jagoranci da ba da shawara na makaranta, sai asibiti mafi kusa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri da Dawanau ta Kano, haka nan asibitocin koyarwa suna da sassan kula da wannan fanni. Wajen yi wa iyaye bayani, ya kamata malami ya zaɓi kalmomi: "ciwon damuwa, mai magani" ya fi "matsalar ƙwaƙwalwa" saurin karɓuwa. Ita kanta dokar ƙasa ta sauya harshe. A watan Janairu na 2023 aka sanya hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar 1958 da ke ɗauke da sunan hauka, ta kuma tanadi kare haƙƙin majinyata.

6.0 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa ciwon damuwa rashin lafiya ne mai alamomi tara da ma'aunin mako biyu, wanda halitta da tunani da zamantakewa ke haɗuwa su haifar. An bayyana magani ta hanyar tattaunawa da hanyoyinsa huɗu, an kuma kawo shaidar nasararsa a Yuganda da Pakistan da Zimbabuwe. Daga ƙarshe an nuna cewa aikin malami shi ne lura da tambaya da sauraro da riƙe sirri da miƙawa ga masana. Gaskiya ne ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, amma akwai abin da idan aka bar shi a ciki yakan kashe mai shi, kuma malamin da ya iya tambaya yana iya zama mutum na farko da ɗalibi zai faɗa wa.

7.0 Auna Fahimta

1. Bambance ma'anar ɓacin rai da zullumi da ciwon damuwa, tare da misali a cikin jimla.
2. Kawo alamomi shida na ciwon damuwa, sannan ka faɗi sharuɗɗan da ake cikawa kafin a tabbatar da shi.
3. Ta waɗanne fuskoki magani ta hanyar tattaunawa ya bambanta da nasiha?
4. Sake gina waɗannan jimloli ta yadda za su fi kusa da gaskiya: (a) "Babu wanda ya damu da ni." (b) "Har abada ba zan iya lissafi ba."
5. Wane darasi shirin Bencin Abota ya koyar game da matsayin harshen uwa a wajen jinya?
6. A wane hali ne ya wajaba malami ya bayyana sirrin ɗalibi, kuma waɗanne matakai zai ɗauka?

Jinga: Tattara karin magana goma da suka shafi haƙuri da ɓoye sirri, ka nuna waɗanda ke ƙarfafa wa marar lafiya gwiwa ya nemi taimako da waɗanda ke iya hana shi.